Tsabtar da Ta Kusa Cinye Haƙorin Mama Tabita

Duk shekara ana turo mana yara daga makarantar koyon aikin lafiya su ga yadda ake aikin haƙori, kuma duk shekara sai an samu mai tsaurin idon da zai leƙa ɗan kwalin dashen haƙori ya ce, "Baba, ashe ƙusa ce kawai?" Bana ma an samu, ga shi can yana sunkuyar da kai. To, ku gyara zama. Sunana Shekari, mutumin Madakiya, kuma tun kafin iyayen wasunku su san juna nake ƙera haƙori a Kafanchan. Ba ni ke dasawa ba, wannan aikin likita ne. Nawa shi ne haƙorin da za a ɗora a kai, da gugar duk wani abu da zai kwana a bakin mutum. Ƙusa ce mai zare, ban musa ba. Amma kafinta a cikin busasshen katako yake murɗa tasa, mu kuwa tamu cikin nama mai rai take shiga, kuma nama yana da abin da yake so da abin da ba ya so.

Aikin farko da aka sakar mini haƙoran roba ne na wani tsohon direban jirgin ƙasa. Maigidana a lokacin Oga Emeka ne, ɗan gidan ma'aikatan reluwe, a nan garin aka haife shi, Hausarsa ma ta fi tawa gudu. Na zauna a gaban injin guga tun safe, na bi haƙoran nan da fayafayan roba daga mai kaushi zuwa mai laushi, na bi da garin dutse da ruwa, na gama da faifan tsumma har suna ɗaukar ido. Na kai masa ina tafiya kamar sabon soja. Ko kallonsu bai yi ba. Ya tsinko auduga, ya shafa ta a gefen da zai kwanta a kan dasashi, ya ɗaga mini. Zare ɗaya ya maƙale.

"Shekari, ka koma," in ji shi. "Ido ya ce ya yi, auduga ya ce bai yi ba. Bakin tsohon nan auduga zai bi, ba idonka ba."

Na koma ina ƙunƙuni. Wata da watanni ba abin da nake yi sai guga, abokaina suna riƙe da wuƙar sassaƙa kakin zuma suna jera haƙora, ni ina fita da fararen gira kamar mai niƙan masara. Lokacin na ɗauka mugunta ce. Yau idan na ga kun goge abu sau ɗaya kun ɗaga waya kuna ɗaukarsa hoto, sai in tuna da shi in yi dariya.

Dashe bai zo mana ba sai da furfura ta fara fito mini. Na bar aikin gwamnati, na koma wani ƙaramin asibitin haƙori a cikin gari, inda wata likita, Dokta Kuyet, take zuwa daga Jos lokaci-lokaci. Ranar da ta fara nuna mini ƙusar a ƙarƙashin gilashin da ke ƙara girma, raina ya ɓaci. Jikinta duk kaushi, toka-toka, babu ƙyalli ko kaɗan. Na ce, "Dokta, waɗannan mutanen sun sayar miki da aikin da ba a gama ba. Ba ni ita in goge miki." Ta fizge kwalin kamar na ce zan yanka mata akuya. Ta ce da gangan aka yi ta haka, kuma ko da yatsa ba a taɓa ta. Sashen da zai nutse cikin ƙashin muƙamuƙi kaushi yake so, domin ƙashi ya samu wurin kamawa ya girma a jikinsa, yadda magini ke karce bango kafin ya yi shafe. Amma sashen sama, wanda zai ratsa dasashi ya leƙo cikin baki, wannan dole ya zama sumul. Idan ya yi santsi, dasashi zai zo ya rungume shi ya rufe hanya. Idan ya yi kaushi, dattin baki ne zai riga dasashi kama wurin.

Abu ɗaya, fuska biyu, kuma kowace fuska idan ta je wurin 'yar'uwarta ɓarna ce. Kafin a ɗora haƙori, akwai wani ɗan murfin ƙarfe da ake ɗaurawa a kan ƙusar, muna ce masa hula. Bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Shi ke zama makonni dasashi yana warkewa kewaye da shi, yana ɗaukar siffar da haƙori zai zauna a ciki. A kan hular nan ne na ga abin da har yau idan na tuna sai na riƙe ciki.

Shekarar da citta ta ruɓe a gonaki ce. Ku da kuke 'yan wannan yanki kun san yadda aka ji a jiki. Asibitinmu ya zama kamar coci ranar Talata. Wanda haƙori ya dama ba ya maganar gyara, sai dai ya ce a cire a huta. Ina zuwa in share teburina, in shafa wa injin mai, in zauna ina kallon masu babur ta taga. Dokta ma ta rage zuwa, kayan aiki kuwa abin da ya ƙare ya ƙare ke nan. A cikin wannan zaman shirun ne Mama Tabita ta shigo daga Manchok, ɗanta da ke aiki a kudu ya ce a yi mata duk abin da ya dace.

Mama Tabita ita ke ɗaga waƙa a zumuntar mata ta cocinsu, kuma muryarta ba ta neman lasifika. Haƙorinta na gaba ɗaya ya fita shekarun baya da babur ya kayar da ita a hanyar kasuwa, aka yi mata na roba mai cirewa. Da shekaru suka tafi dasashi ya janye, haƙorin ya fara rawa. Wata rana a babban taron mata a Samaru Kataf, ta buɗe baki ta ɗauki waƙa da ƙarfi, haƙorin ya yi tsalle ya faɗa cikin tulun da ake kiɗa a gabanta. Sai da aka tsayar da kiɗa, aka kifa tulu, aka karkaɗe. Da bakinta ta ba mu labarin, mu muna danne dariya, ita kuwa ko murmushi babu.

"Tun ranan nan ban ɗaga waƙa ba, Dokta," in ji ta. "Ina zama a baya ina motsa baki kamar kifi. In ba haƙori mai tsayawa ba ne, na gama da waƙa. Na faɗa wa Ubangiji, ya ji."

Dokta ta ɗauki hoton ƙashin, ta daɗe tana kallo. Ta gaya mata gaskiya, ƙashin wurin ya yi siriri. Zai ɗauki ƙusa ɗaya, amma idan wannan ta lalace aka cire, abin da zai rage ba zai riƙe wata ba. Dama ɗaya ce. Mama ta ce a yi.

Aka dasa lafiya, aka rufe, aka bar ƙashi ya yi aikinsa watanni. Da lokaci ya yi Dokta ta buɗe wurin ta ɗaura hula, komai tsaf. Ta ba ta buroshi mai laushi, ta ce ta riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, sannan ta ƙara da cewa, "Mama, ki riƙa tsabtace wurin sosai." Da mun san wace ce muke gaya wa haka, da mun yi taron gaggawa kafin kalmar ta fita. Daga baya na ji cewa a Manchok, idan ana biki, tukwanen Mama Tabita ake zuwa aro, domin gindinsu ma yana nuna fuskar mutum.

Ta dawo bayan 'yan makonni, leɓenta na sama ya ɗan tasa. Da ta cire haƙorin robar, Dokta ta ɗaga leɓen, na ga fuskarta ta canja. Dasashin da ya kamata ya yi jaja-jaja mai haske ya kama hula gam, ya kumbura ya yi ja wur, ana taɓawa jini na bi. Wari ma ya fara. Hular kuwa tana walƙiya.

"Mama, kina wanke wurin nan kuwa?"

Kai, da ma ba ta tambaya ba. Mama Tabita ta tashi zaune a kan kujerar aiki, ta cire tsumman da aka ɗaura mata a wuya.

"Ni? Dokta, ki je Manchok ki tambaya. Ni ba ƙazamin mace ba ne. Safe da yamma ina wanke shi. Wannan buroshi naki ba ya yin komai, kamar gashin kaza. Ƙarfen da kuka sa mini ya zo da duhu-duhu, na ce wannan ba zai zauna a bakina haka ba. Ki duba yanzu yadda yake shainin."

Ta jawo jakarta, ta fito da wani ɗan ƙulli, ta kwance a gabanmu da alfahari. Asuwaki ne, an naɗa wa bakinsa zaren soson ƙarfe, irin na wanke tukunya, naɗi mai kyau kamar aikin tela. Gefe guda ga tankaɗaɗɗiyar toka da gishiri a leda. Dokta ta kalli asuwakin, ta kalle ni, ta nemi kujera ta zauna. Ni kuwa na juya baya ina gyara abin da bai lalace ba, domin dariya da tsoro sun zo mini lokaci ɗaya.

Tsoron ya fi yawa. Aka sake ɗaukar hoto. Ciwon yana nan a dasashi, a wuyan ƙusar, bai riga ya gangara ba. Amma tsakaninsa da inda kaushi ya fara bai fi kaurin farce ba. Idan ƙwayoyin cuta suka kai ga wannan kaushin, wurin kamawar da aka yi domin ƙashi su zai yi wa amfani, kuma fitar da su daga can aiki ne da sau da yawa ba ya yiwuwa. Ƙashi zai fara janyewa, ƙusa ta yi rawa, a cire. Dokta ta faɗa mata haka ba tare da ɓoye komai ba. Na ga hannun Mama ya daina motsi a kan ƙullinta.

Dokta ta kwance hular ta miƙo mini a faranti. A ido kamar sabon cokali. A ƙarƙashin gilashi kuwa kamar an bi ta da garma, layi a kan layi, kowane rami cike da dauɗa. Na shafa auduga, ta fito da gemu. A shekara mai kyau da shara za ta tafi a ɗauko sabuwa. A wannan shekarar babu mai girmanta a kabad, kuma kafin a aiko daga Legas sai an yi makonni. Ramin dasashi kuwa ba ya jira, idan aka bar shi babu hula nan da nan yake fara rufewa. Dokta ta ce, "Baba Shekari, ka gwada. Ni zan wanke wurin kafin ka gama."

Goge abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba ya fi goge haƙoran baki guda wahala. Na ɗaura ta a kan ɗan mariƙi don kada in taɓa gindin da ke zama a kan ƙusa, domin idan wurin nan ya ci ko kaɗan ba za ta sake zama daidai ba. Na sassauta gudun injin. Wannan ƙarfen ba ya son zafi kuma ba ya son a danna shi, sai lallashi. Faifan roba mai ɗan kaushi ya share ramukan, mai laushi ya share sawun na farko, tsumma ya share sawun na biyu. Daga ɗaya ɗakin ina jin Dokta tana aiki da 'yan kayan roba, domin ƙarfen kankare haƙori da kuka saba gani ba ya zuwa kusa da dashe, shi ma karce yake yi. Auduga ta wuce sumul, na kai mata. Ta sa a ƙarƙashin gilashi, ta juya, ta juya, ta miƙo mini.

"Baba, akwai saura ɗaya a gefen nan."

Na duba, yana nan kuwa, siriri kamar gashi. Idonta ya fi nawa ƙuruciya. Na koma ban yi ƙunƙuni ba. Da ta amince aka wanke, aka sa a tukunyar tururi, aka mayar da hula wurinta.

Kuna tsammanin an gama? Ai a nan aikin ya fara. Gyara ƙarfe abu ne mai sauƙi a kan hana Mama Tabita wanke abu. Dokta ta ƙwace asuwakin, Mama ta ce itace bai ƙare a Manchok ba. Ta ce ita fa ba ta gane yadda wanki zai kawo datti ba, wannan magana ta saɓa wa duk abin da uwarta ta koya mata. Dokta ta yi bayani da Turanci, ta yi da Hausa, ta zana a takarda. Mama tana gyaɗa kai irin na wadda za ta fita ta yi abin da ta ga dama. Na ce a bar ni da ita.

"Mama, kina da robar zuba miya a gida?"

"Ina da su da yawa."

"Wadda yara suka kankare da soson ƙarfe, idan manja ya shiga, yana fita?"

Ta yamutsa fuska. "Wannan ai ya lalace. Ko ka wanke da omo sau goma yana nan da maiƙo. Sai dai a ba kare abinci a ciki."

"Sabuwa fa, wadda ba a kankare ba?"

"Ruwa da sabulu kawai, ya fita."

Ta kai harshe ta taɓa hular a hankali. Can ta ce, "Yesu na. Wato ni da hannuna na mai da bakina kwanon kare." Ta karɓi buroshin mai laushi da ruwan kurkurar da Dokta ta ba ta, ta sa a jaka.

Daga nan sai jira. Tana zuwa a motar haya duk ranar da Dokta take gari, a ɗaga leɓe a duba. Zuwan farko jan ya ragu amma jini na nan. Na biyu kumburi ya sauka. Kowane zuwa sai ta yi ƙarar cewa ƙarfen ya koma duhu, hannunta na mata ƙaiƙayi, ni kuma in ce ta je ta huce a kan tukwane. Bikin godiyar kaka ya matso, matan cocinsu suna ta aiko mata, ta roƙi Dokta a ɗora haƙorin ko da na rana ɗaya ne. Dokta ta ƙi. Ta ce nama bai gama kamawa ba, kuma ba ya duba kalandar coci. Mama ta yi fushi, ta yi bikin a kujerar baya. Na ji tausayinta ƙwarai, amma da ni aka tambaya, abin da Dokta ta faɗa shi zan faɗa.

Ni a nawa ɓangaren ina ta fama da haƙorin. Mun yi rigima da Mama a kan launi, tana son fari fat, na ce zai fito a cikin 'yan'uwansa kamar baƙo a taron dangi. Na bi launin na kusa da shi har da ɗan rawaya-rawayan da ke gindi. Wuyansa, inda zai taɓa dasashi, shi na fi ba lokaci, wurin da babu mai gani. Kumburin nan ya bar tabonsa, dasashin ya ɗan janye sama, saboda haka dole haƙorin ya ɗan fi maƙwabcinsa tsawo. Wannan kam babu yadda za mu yi da shi.

Ranar ɗorawa ɗakin jira ya ɗan cika, domin an fara samun sauƙin gari. Dokta ta kwance hula, ta kira ni in gani. Dasashi ya yi zobe kewaye da ramin, mai ƙarfi, launinsa mai kyau, babu ɗigon jini. Hoto ya nuna ƙashi yana nan inda yake. A aikin nan babu abin da ya fi wannan ɗan zoben daɗin gani a wurina, kuma ranar daɗin ya kai mini har ƙafa. Aka ɗora haƙori, aka ɗaure, aka gwada cizo. Dokta ta miƙa mata madubi.

Ta kalla ta gefen dama, ta kalla ta gefen hagu. Ta ce ya ɗan yi tsawo. Na ce haka ne. Ta sa yatsa ta tura shi gaba, ta tura shi baya. Sai ta ajiye madubin ta sauko daga kujera.

"Madubi ba zai gaya mini ba, Dokta. Ku matsa."

Ta gyara ɗaurin zani, ta ja numfashi, ta ɗaga waƙar yabo a tsakiyar ɗakin aiki, da dukan ƙarfinta, baki buɗe har ana ganin dasashi. Faranti ya yi ƙara a kan tebur. Ta kai inda ake amsawa, sai muka ji an amsa daga ɗakin jira, mata biyu da wani dattijo da aka cire wa haƙori ɗazu, auduga cike da kumatu, yana amsawa ta hanci. Dokta ta ɗaga hannu za ta ce asibiti ne nan, sai ta sauke. Mama ta haura sama, can inda muryar yawancin mata ke tsinkewa, ta riƙe wurin har sai da na ji numfashina ya ƙare a madadinta. Ni ba fuskarta nake kallo ba, wuri ɗaya idona yake.

Haƙorin bai motsa ba.